Lokacin da Rani Yake Hutun Kowa

Kukan da aka fi ji a wa'azi da hirar dattawa a 'yan shekarun nan shi ne zumunci ya mutu. Ana ɗora laifin a kan wayar salula, a kan son abin duniya, a kan 'yan boko da suka shige gidaje masu dogayen katangu suka ajiye maigadi a ƙofa. Akwai ƙamshin gaskiya a kowanne, sai dai dukansu sun ɗauka zukatan mutane ne suka sauya. Tarihi yana nuna wani dalili da ya fi wannan sauƙin aunawa. Ziyara irin ta da, wadda mutum zai niƙi gari ya yi kwanaki a hanya, ya sauka gidan ɗan'uwa ko amini ya yi mako biyu ko wata guda, ba ta taɓa tsayawa a kan kyawun hali kaɗai ba. Sai abu biyu sun haɗu a lokaci guda: baƙo ya sami sarari, mai masauki kuma yana gida, da abin da zai ciyar da shi. Shekaru aru-aru noma ne yake haɗa waɗannan biyun a ƙasar Hausa, domin yana sakin kusan kowa tare, daga ƙarshen kaka har saukar ruwan shuka. Wannan hutu na bai ɗaya ne ya watse a ƙarni na 20, kuma watsewarsa ta fi lalacewar hali bayyana abin da ake kuka da shi.

A ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram ruwan sama na wata huɗu ne zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. A cikin wannan ɗan taƙi ake noma abincin shekara duka, don haka babu mai hankalin da zai bar gona tsakanin shuka da noman farko da maimai ya tafi gaida dangi. A tsarin gandu, ƙanne da 'ya'ya, har masu aure a cikinsu, hannunsu na maigida ne muddin akwai aiki a gona. Sai an yanke gero, an girbe dawa wajen Nuwamba, an ɗaure dammuna an cika rumbu, sannan igiyar take sakuwa. Daga nan akwai wata biyar ko shida da ƙasa ba ta neman komai daga manomi sai kai taki da sharar gona can gab da bazara. Lokacin kuma ya zo daidai da buɗewar hanya. Rafukan da suke hana jaki wucewa da damina sun ƙafe, laka ta bushe, ciyawa ta kwanta, sauro ya ragu, ana iya kwana a fili ba fargabar hadari. Mai masauki ma a lokacin ne hannunsa yake da maiƙo, ga hatsi sabo, ga 'yan kuɗin auduga ko gyaɗa. Hadisi ya sanya haƙƙin baƙo kwana uku, amma abin da yake sa baƙo ya zarce kwana uku ba tare da fuskar matar gida ta sauya ba shi ne cikar rumbu.

Baƙin Turawa da suka ratsa ƙasar a ƙarni na 19 sun ga wannan da idonsu. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a farkon 1824, ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya kuma ce bai sa da baƙin da suke tururuwa a watannin rani ba. Heinrich Barth ya zo a Fabrairun 1851, ya sa mazauna a kan 30,000, amma ya ce tsakanin Janairu da Afrilu jama'ar birnin takan kai wajen 60,000. Ko da ƙiyasin nasa na ido ne, birnin da zai ninka a cikin wata huɗu ya sake komawa yadda yake, birni ne da gidajensa suka saba da baƙo, kuma aka gina su da sanin zai zo. Shi kansa Barth ayarin gishirin Abzinawa ya biyo daga Azbin zuwa kudu, ayarin da yake saukowa ƙasar Hausa kowace shekara da sanyi. Sarakuna ma wannan lokacin suke bi, ko don yaƙi, ko rangadi, ko kai gaisuwa ga Sarkin Musulmi. Ranar da sojojin Ingila suka ci Kano, 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu ba ya gari, domin tun a Janairu ya tafi Sakkwato wajen sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Masana tarihi suna ta muhawara a kan hikimar wannan tafiya, amma lokacin da aka yi ta ba baƙon abu ba ne.

Inda abin ya fi armashi shi ne tsakanin talakawa. Da kaka ake ɗaura yawancin auren karkara, saboda sai an sayar da amfanin gona ake samun sadaki da kayan ɗaki, biki kuwa shi ne babban uzurin da yake tara dangin da aure da neman gona suka warwatsa. Lokacin ne na kalankuwa, samari da 'yan mata na ƙauyuka suna kai wa juna ziyara. Lokacin ne 'yan dambe, waɗanda asalinsu yawanci mahauta ne, suke bin garuruwa da makaɗansu, haka 'yan kokawa da mafarauta. Malamin allo yakan kwashi almajiransa bayan girbi ya nufi gabas ko wani babban birni, ya dawo da su kafin shuka, domin iyayensu suna bukatar hannunsu a gona. Matar aure takan roƙi ganin gida a wannan lokaci, ta tafi da goyo da tsaraba, ta yi makonni a ɗakin uwarta, ta zaga ƙawaye da gwaggwanni. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga a 1954, cike yake da irin wannan kai da komo na mata tsakanin garuruwa don biki da suna da ganin dangi. Hatta bukukuwan da hukuma ta ɗauka daga baya a kan wannan turba suka zauna. Bikin kamun kifi na Argungu, a siffarsa ta yanzu, ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934 bayan tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, kuma da rani ake yin sa. Gasar kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a 1975, ita ma bayan an kau da amfanin gona ake yin ta. Makiyaya kuwa, da yake aikinsu dabam ne, lokacin haɗuwarsu ma dabam ne. Rani ne yake raba su wajen neman ruwa da ciyawa, shi ya sa babban taron Buzaye da Wodaaɓe a Ingal yake zuwa a Satumba, ƙarshen damina. Wannan bambanci yana ƙara tabbatar da cewa sana'a ce take yanke wa jama'a lokacin da za su ga juna.

Mai ja da wannan bayani zai ce an yi wa talauci kwalliya. Yawancin masu barin gida da rani ba hutu suka je ba, cin rani suka je: su rage wa rumbu baki, su nemo kuɗin haraji, su yi dako da ga-ruwa da yankan farce da gini a birane. Hujjarsa tana da ƙarfi. Ƙidayar da aka yi a hanyoyin Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, wadda R. M. Prothero ya yi nazarinta, ta sami wajen mutum 259,000 suna fita, mafi yawansu 'yan lardin, sauran kuma galibi daga Nijar, suna nufin ƙasar Yarbawa da gonakin koko da Gwalkwas, wato Gana ta yau. Babu mai cewa waɗannan mutane shaƙatawa suka tafi. Amma mai wannan suka ya ɗauko ma'aunin ma'aikacin ofis, wanda yake raba tafiyar aiki da tafiyar ziyara, ya ɗora a kan mutanen da ba su san wannan rabo ba. Ɗan cin rani ba otal yake sauka ba. Yana sauka ne a zauren ɗan garinsu, ko gidan ƙanin uba da ya daɗe a can, ko wajen maigidan da ubansa ma a wurinsa yake sauka. Yana ɗauke da saƙon uwa ga ɗanta, da labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu, ya koma da goro da turmin atamfa da amsar saƙo. Zangunan Kumasi da Akara, da unguwar Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, a kan wannan tsari na masauki suka rayu, kamar yadda Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo: maigida yana saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, amana kuma ta bi zuriya. Neman abinci ne yake biyan kuɗin tafiyar, zumunci kuma shi yake sa tafiyar ta yiwu ga wanda ba shi da ko sisi.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a karɓi rabinta. Kafin zuwan Turawa ba kowa ne yake da ikon ƙafarsa ba. Bawa a rinji ba ya ɗaukar gora ya tafi don an gama girbi. Rani kuma shi ne lokacin hari: mahayan Maraɗi da na Ningi sun sha afka wa ƙauyukan Katsina da Kano da Zazzau, kuma Baba ta Karo ta ba da labarin matan danginta da aka kama aka fanso da kuɗi. Wanda zai yi nisa sai ya jira ayari mai madugu. Saboda haka zamanin da dattawan yau suke kewa ba zamanin kakannin kakanni ba ne, ya fi haka kusa. Shi ne tsakanin shekarun 1910 da na 1970, lokacin da hare-haren kama bayi suka ƙare, bauta ta yi ta ja da baya, hanya ta yi sauƙi, amma noma bai saki ragamar shekara ba tukuna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, motocin lori kuma suka cike inda dogo bai kai ba. Tafiyar da take cin makonni a ƙafa ta koma ta kwana ɗaya ko biyu, ga shi kuma har lokacin kowa yana da wata biyar a hannunsa. Ba don ƙaunar talaka Turawa suka shimfiɗa dogon ba, gyaɗa da auduga da kuza suke so su kai bakin teku, kuma harajin da suka ce sai da tsabar kuɗi shi ya tura da yawa kan hanya. Duk da haka, a wannan tsakani ne tsohon hutu da sabuwar hanya suka haɗu, kuma ba su daɗe tare ba.

Mulkin da ya kawo jirgin shi ya kawo wata kalandar dabam. A Turai lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, shi ne lokacin tafiya, kuma ma'aikatansu sun yi gwagwarmaya kafin su sami hutu a cikinsa. Faransa ta ba da mako biyu na hutu da albashi a 1936, Ingila ta yi tata dokar a 1938. Abin lura shi ne su ma sun gane amfanin hutun bai ɗaya: a garuruwan masaƙu na Lankasha, a Ingila, a da akan rufe masana'antun gari duka a mako guda, jama'a su ɗunguma bakin teku tare, har yau kuma Agusta watan da Faransa take tafiya hutu ne. Da tsarin ya iso nan sai ya zo a gutsure. Ma'aikacin En'e ko na gwamnati ko na kamfani yana da hutun shekara, amma nasa ne shi kaɗai, ofis ne yake sa masa rana, kuma ana jera ma'aikata ne yadda ba za su tafi tare ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma kwana shida na aiki kawai ta wajabta bayan shekara guda ana aiki, ko da yake ma'aikatan gwamnati suna samun fiye da haka nesa ba kusa ba. Wa yana hutu a Maris, ƙane a Oktoba, ƙanwarsu malamar asibiti sai yadda jadawali ya faɗa. Kowa ya huta, amma ba wanda ya tarar da wani.

Dogon hutun makaranta ya fi wannan ban takaici. A Najeriya yanzu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a Nijar kuma, da take bin tsarin Faransa, daga Yuli har ƙarshen Satumba. Wato lokacin zafin Turai, wanda a nan tsakiyar damina ne. Ana iya kare wannan da cewa yaran karkara suna taya iyayensu noma a lokacin, kuma gaskiya ne, amfani ne babba da bai kamata a raina ba. Amma ta fuskar ziyara babu lokacin da ya fi shi muni. Agusta watan da tsohon hatsi ya ƙare ne, sabo bai shigo ba, farashi ya kai ƙololuwa a kasuwa. Mutanen gida suna gona tun asuba. Hanyar ƙauye ta yanke, zazzaɓin cizon sauro yana kan ganiyarsa. Ɗan birnin da aka aika wajen kaka a irin wannan lokaci ya je gidan da ba shi da sararin tarairayarsa, iyayensa kuma suna jin nauyin ƙara wa dangi baki. Da Disamba ta zo, rumbu ya cika, ƙauye ya shiga biki, sai a ba yaro mako biyu ko uku a mayar da shi aji. Zuriya biyu ko uku ke nan da suka tashi a haka, suna sanin garin iyayensu a lokacin da ya fi kowane ƙunci, ko kuma ba su san shi ba sam. Ba abin mamaki ba ne idan irin waɗannan suka girma ba su iya bambance ɗan wan uba da ɗan gwaggo ba.

Shi ma ranin manomi an cinye shi ta ciki. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Bakolori a 1978, da ƙananan injinan ban ruwa da suka cika fadamu daga baya, sun mai da rani lokacin tumatir da albasa da alkama da shinkafa a Kadawa da Kura da Talatan Mafara. Wannan arziki ne, ba mai neman a mayar da shi baya, amma mai noman rani ba ya barin kwaminsa kwana uku. Wanda ba shi da fadama kuwa, cin raninsa ya daina ƙarewa da saukar ruwa. Gonar gado ta rarrabu har ba ta ciyar da gida, sai ɗan acaba ko maigadi a Legas ko Abuja ya zauna shekara cur, ya aiko da kuɗin taki da na 'yan ƙwadago ta waya. Kuɗin yana isa, kuma ya fi sauri, sai dai babu mai kawo shi da zai zauna a zaure a tambaye shi mutanen can.

Za a ce ai Sallah ta maye gurbin, kuma lallai ita ce kaɗai ta rage da take sakin kowa tare. Duk wanda ya ga tashoshin mota a jajibiri, ko cikar Kano da Katsina da Zariya da Daura a ranakun hawa, ya san son gida bai mutu ba, wannan ma hujja ce a kan masu cewa hali ne ya ɓaci. Amma hutun Sallah na gwamnati yawanci kwana biyu ne, sai in ya dace da ƙarshen mako. A ciki za a yi hanya zuwa da dawowa, a zaga gidaje goma ko ashirin, kowanne a gaisa a ɗanɗana tuwo ko nama a tashi. Gaisuwa ce, ba zama ba. Kuma da yake shekarar Musulunci tana gaza ta rana da wajen kwana 11, Sallah tana zagaya shekara a cikin shekara 33 ko kusa da haka, wani zubin ta faɗo a kaka ana cikin yalwa, wani zubin a tsakiyar noma. Haka abin yake ga ta'aziyya da barka da dubiya da ɗaurin aure: ba su ragu ba, har ma an fi zuwa daga nesa yanzu, saboda wajibai ne da ake yi a wuni ɗaya a juyo. Abin da ya ɓace shi ne ziyarar da ba ta da wani dalili sai ganin juna, wadda a cikinta ne yara suke sabawa da taubasansu, ake sasanta tsohuwar rigimar gado a hankali, ake hango wa saurayi mata a dangi.

Matsalar tsaro da tsadar mota sun zo ne suka tarar da abin ya riga ya yi rauni. Garkuwa da mutane a hanyoyin Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 da ya kusan ninka farashi uku cikin kwanaki, da rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya raba dangi tsakanin Katsina da Maraɗi, da Illela da Birnin Ƙonni, na tsawon watanni, duk sun sa mutum ya yi lissafi kafin ya fita. Amma waɗannan na shekarun baya-bayan nan ne, kukan mutuwar zumunci kuwa ya girme su. Ko gobe aka wayi gari hanya lafiya lau, fetur ya yi araha, malamin makaranta da ɗan'uwansa manomi ba za su sami wata guda da dukansu suke da sarari ba.

Kalandar makaranta dai ba saukakkiya ba ce, kuma a Najeriya jihohi suna da ikon taɓa ta. A 2025 Bauci da Kano da Katsina da Kebbi sun rufe makarantu a watan azumi, aka yi ta cece-kuce a kan darussan da za a rasa da haƙƙin ɗaliban da ba Musulmi ba. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko yana adawa da shi, ya nuna ana iya matsar da hutu idan masu mulki sun ga dalili. Tsawaita hutun Disamba zuwa ƙarshen Janairu, a rage na damina a makarantun birane inda yara ba sa zuwa gona, zai ci karo da jadawalin jarrabawar WAEC da NECO da lokacin shiga jami'a, waɗanda ba a hannun jiha suke ba, kuma a nan ne duk mai son gwada shi zai fara shan wuya.